Nazari: Gargaɗin da ke cikin jinin yara tun kafin ɓarkewar mashaƙo

A farkon watan Disamba na 2022 ne aka sanar da Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Najeriya, NCDC, cewa ana zargin cutar mashaƙo ta ɓulla a jihohin Kano da Legas. Daga nan ta bazu zuwa jihohi da dama, Kano ce ta fi jin jiki, kuma yawancin waɗanda suka kamu yara ne da ba su kammala allurar rigakafi ba. Sai dai alamar wannan annoba tana nan a ajiye shekaru huɗu kafin ta auku, cikin busasshen jinin da aka ɗiga a kan takardun gwaji.

A 2018 aka gudanar da babban binciken ƙanjamau na ƙasa, NAIIS, inda aka bi gida-gida ana ɗibar jini. Daga baya masana suka koma kan ragowar jinin yara sama da 31,000 'yan ƙasa da shekara 15, suka auna sinadaran garkuwa da ke cikinsa, wato waɗanda likitoci ke kira antibodi. Jiki ne ke ƙera su idan ya haɗu da ƙwayar cuta ko aka yi masa rigakafi, kuma kowace cuta da nata. Ga mashaƙo, ma'aunin da aka yarda da shi a duniya shi ne 0.1 IU a kowace mililita ta jini kafin a ce mutum yana da cikakkiyar kariya. Kimanin kashi 42 cikin 100 ne kawai na yaran suka kai wannan mataki. An wallafa sakamakon a 2023, lokacin da asibitocin Kano suka riga suka cika.

Darasin bai tsaya ga yaran da ba a taɓa yi wa allura ba, duk da cewa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna suna da yawa, fiye da miliyan 2, adadi mafi girma a duniya. Garkuwar da rigakafin mashaƙo ke bayarwa tana raguwa da shekaru. Jadawalin Najeriya yana ba jariri allurar penta sau uku, a mako 6 da 10 da 14, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙara wasu uku: tsakanin wata 12 zuwa 23, da shekara 4 zuwa 7, da shekara 9 zuwa 15. Katin rigakafi zai nuna an yi wa yaro allura yana goye. Ba zai nuna abin da ya rage a jininsa ranar da ya shiga makarantar kwana ba. A watan Maris na 2025 cutar ta shiga King's College da ke Legas, ɗalibi ɗaya ya rasu.

Irin wannan bincike ya taɓa buɗe wa hukumomi ido a lokacin korona. A watannin Satumba da Oktoba na 2020, NCDC da Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba suka auna jinin mutane a jihohi huɗu. An samu alamar kamuwa a jinin kashi 23 cikin 100 a Legas da Enugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe, a daidai lokacin da waɗanda aka tabbatar sun kamu a faɗin ƙasar ba su kai 70,000 ba.

Abin takaici shi ne, gwajin antibodi da talaka ya fi sani shi ne wanda ya fi rauni. Duk wanda zazzaɓi ya kai shi ɗakin gwaji ya san Widal, gwajin taifot da likitan Faransa Georges-Fernand Widal ya ɓullo da shi a 1896. Ba ƙwayar taifot yake gani ba, martanin jiki yake aunawa. A ƙasar da mutane ke yawan cuɗanya da wannan ƙwaya ta gurɓataccen ruwa, mai ƙoshin lafiya ma kan nuna adadi mai yawa, kuma zazzaɓin cizon sauro na iya ɗaga shi. Ƙa'idar gwajin ita ce a ɗebi jini sau biyu, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga ko adadin ya ninka sau huɗu. Wane majinyaci ne zai jira? Sai a ɗiba sau ɗaya, a ce "taifot da maleriya", a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tabbataccen gwaji shi ne a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro, amma yana cin kwanaki da kuɗi, kuma ƙananan asibitoci kaɗan ne ke da kayansa. Farashin wannan ganganci shi ne ƙwayoyin da ke bijire wa magani, irin taifot ɗin da ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan a 2016.

Akwai inda gwajin mutum ɗaya ke da amfani sosai. Ma'aikacin jinya da ya kammala alluran ciwon hanta nau'in B, ana so a auna jininsa bayan wata ɗaya zuwa biyu. Idan ya kai 10 mIU a mililita, ya samu kariya. Yaron da ciwon huhu ko na kunne ke yawan dawo masa, likita kan auna jimillar IgG da IgA da IgM don gano ko an haife shi da raunin garkuwa. Amma babu lamba guda da ke bayyana ƙarfin garkuwar jiki baki ɗaya, domin akwai ƙwayoyin jini masu riƙe tarihin cuta waɗanda wannan gwaji ba ya gani. Shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a watan Mayu na 2021 cewa kada a dogara da shi wajen yanke hukuncin ko mutum ya tsira daga korona.

Jinin 2018 ya tsufa: jariran wancan lokaci yanzu suna firamare. Auna cututtuka da dama daga ɗigon jini guda ba sabon abu ba ne ga ɗakin gwaji na NCDC da ke Gaduwa a Abuja. Abin da ya rage ga hukumar da takwararta ta Kula da Lafiya a Matakin Farko shi ne su maimaita binciken a kai a kai, kuma sakamakon ya isa hannun jihohi cikin watanni, tun ana iya amfani da shi wajen tsara alluran ƙari ga 'yan makaranta.