Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Kimiyyar Sinadarai Na Jami'ar Bayero



Ina rubuto muku ne daga ƙasar Minjibir, inda gona ke manne da gona, ƙasar jigawa ba ta samun hutu. Roƙona game da ɗalibanku masu digiri na biyu ne.

Ruwan Jakara da na Getsi, wanda ya kwaso dattin masana'antun Bompai, a madatsar Wasai yake zubewa. Da shi ake ban ruwan latas da alayyafo da tumatir. Ku kun san kuromiyam na jimar fata da dalma ba sa ruɓewa, taruwa suke a ƙasa, ganye ya zuƙa, mutum ya ci. Mai lambu kuwa kumfa da wari kawai yake gani, yana tsaye cikin ruwan har gwiwa.

Ɗalibai kan zo su ɗebi ruwa da ƙasa a kwalabe. Don Allah ku wajabta wa kowannensu ya dawo da sakamakon da Hausa, ya karanta a ƙofar dagaci, ya faɗa mana a fili wace fadama ce za a daina shuka ganye a cikinta.

Naku,
Wani malamin makaranta, Minjibir.