A Fita Da Mu Mu Ga Dutsen Da Muke Haddacewa



A makon jiya wani ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya shigo wurin taronmu da wani farin dutse a aljihu, bai kai girman ƙwan kaza ba. Kawunsa direban tifa ne, a bayan motarsa ya tsince shi. A jikin dutsen akwai shatin katantanwa sak, har da murɗe-murɗenta. Sai ya tambaye mu ko wane ne ya sassaƙa ta. Mu goma sha ɗaya ne a wurin, shida daga cikinmu 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC, amma babu wanda ya iya ba shi amsa. Alhali dukkanmu mun kwafi bayanin wannan dutse daga allo, da sunansa na Turanci, har mun ci maki a kansa. Kunyar ranar ce ta sa muka yi wannan rubutu.

Da muka kai wa malaminmu na Jogarafi, dariya ya fara yi. Ya ce babu hannun ɗan Adam a ciki. Wannan shi ne dutsen da ake yin siminti da shi, kuma katantanwar ta gaske ce, ta rayu a cikin ruwa. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wannan ƙasa da muke kuka da zafinta da ƙurarta ƙarƙashin teku take. Bawon halittun ruwa ya yi ta taruwa a ƙasan tekun, ya danne, ya sandare, ya zama farin dutse. Ya kankare gefen dutsen da ƙusa, ya matsa lemun tsami a kan garin, sai ga shi yana ƙananan kumfa. Mun yi shekara biyu muna karanta wannan gwaji, ranar muka fara ganinsa.

Dutsen kuma ba baƙo ba ne. Masana sun raɗa masa sunan Kalambaina, inda kamfanin siminti na Sakkwato yake, wanda aka kafa a 1962, ya fara aiki a 1967, yanzu kuma yana hannun BUA. Shimfiɗar dutsen ba ta san iyaka ba: ta tsallaka Nijar, shi ya sa akwai wani kamfanin simintin a Malbaza, gabas da Birnin Ƙonni. Ke nan mu a Illela muna zaune tsakanin kamfanoni biyu masu cin dutse iri ɗaya. A tsaunukan wajen Goronyo kuwa, cikin ƙasar da ta fi wannan dutse tsufa, an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai rarrafe, aka sa mata suna Goronyosaurus a 1972. Sunan garin maƙwabtanmu yana cikin littattafan jami'o'in duniya, mu kuwa ko labarin ba mu taɓa ji ba.

Saboda haka ga roƙonmu ga hukumar makaranta: a riƙa fita da mu tattaki da ƙafa zuwa tuddan da ke kusa da gari, ko da sau ɗaya ne a zango.

Mun san abin da za a fara cewa: yawon banza. A Ingila akwai wani yanki da ake kira Kotswold, tuddai ne masu hawa da sauka na irin wannan dutse. Sun shata hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 164 a cikinsa, wadda ta ƙare a birnin Bath, sun kafa alamomi a kan hanya, mutane suna ɗaukar hutu su yi mako guda ko fiye suna takawa, suna biyan kuɗin kwana da abinci a ƙauyuka. Ba muna cewa a kwaikwayi Bature ba ne. Abin da ya ba mu haushi shi ne, su sai da suka kashe kuɗi suka gyara hanya, mu kuwa tamu tana nan kyauta. Makiyaya sun tattake ta, masu jakuna da raƙuma suna bin ta zuwa kasuwar Lahadi, iyayenmu mata suna bin ta neman itace. A ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, bai kamata tafiyar ƙafa ta zama abin kunya ga ɗan makaranta ba. Amma a yau ɗayanmu ko sayen katin waya zai je sai ya tsayar da ɗan kabu-kabu.

Akwai kuma maganar jarrabawa, wadda ta fi damun 'yan ajin ƙarshe. Duk wanda ya taɓa zama gaban tambayar taswira ya san yadda layukan nan masu lanƙwasa suke rikita kai. An ce mana idan suka matsu da juna gangaren mai tsanani ne, idan suka ware tudun mai sauƙi ne. Mun haddace. Amma wanda ya hau tsauni da ƙafarsa, ya ji inda numfashinsa ya fara sarƙewa, ya kai sama ya tarar da wurin shimfiɗe da jar marmara, ya leƙo ya ga kwari da fadama da inda ruwan sama ya ɓarke ƙasa ya yi kwazazzabo, wannan ba ya buƙatar hadda. Safiya ɗaya a kan tudu da taswira a hannu ta fi mako uku na kwafe daga allo.

Malaman wannan darasi ma suna nan cikin gari, ba su da satifiket ne kawai. Masu haƙar rijiya sun san ƙasar nan hawa-hawa: inda rairayi yake ƙarewa, inda ake cin karo da laka, inda diga take fara tsalle saboda dutse, da gaba nawa ake yi kafin a ga ruwa. A gayyaci ɗaya daga cikinsu ya raka mu, malamin Jogarafi ya ba da sunan littafi, shi kuma ya ba da na gida. Muna da yaƙinin kowannensu zai ƙaru da ɗan'uwansa.

Sai babbar magana, wadda ba za mu yi wasa da ita ba: tsaro. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa gabashin jihar nan, wasunmu ma a nan makarantar gudun hijira ne ya kawo su. Duk uban da ya ce ɗansa ba zai je daji ba, gaskiyarsa ce. Shi ya sa ba mu ce a kai mu Goronyo ba, ko da yake ranmu yana so. Ba mu kuma ce a tsallaka iyaka ba. Abin da muke nema ƙarami ne: wuri na kusa, wanda hakimi da jami'an tsaro suka amince da shi a wannan makon, a fita bayan sallar asuba cikin hunturu, a dawo kafin azahar. Kowane ɗalibi ya kawo izinin iyayensa a rubuce. Idan aka ce hanya ba ta yi kyau ba, a fasa, babu wanda zai yi gunaguni. Ko gefen tafkin Kalmalo aka fara da shi mun gode. Amma a ce saboda tsoro za mu gama makaranta ba mu taɓa kallon garinmu daga sama ba, wannan ma wata asara ce da 'yan bindiga suka jawo mana, sai dai ba a lissafa ta.

'Yan'uwanmu mata kuma kada a bar su a aji suna shara. Su ma jarrabawar za su rubuta. A ware musu tasu ranar tare da malamai mata. Kuɗi kuwa ba a buƙatar mota: gorar ruwa, takalmi mai rufi saboda ƙaya da kunama, littafi da fensir, sai lemun tsami guda biyu.

Mun miƙa wannan roƙo a rubuce ga ofishin shugaban makaranta, kuma muna jiran amsa. Kafin nan, dutsen yaron yana wurin sakataren ƙungiyarmu, mai shi ya ba mu aronsa har ƙarshen zango. Mai son gani ya zo ranar Alhamis bayan an tashi, akwai takarda a nan ga wanda zai sa sunansa cikin masu tafiya. A taɓa a hankali, gefensa ya fara marmashewa.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta