Zancen Gida da Sana'a: Tsohuwar Mota da Wayoyinta

A wannan wata za mu yi magana a kan wani abu da ido ba ya gani, amma rayukan mutane suna rataye a kansa, watau wayoyin lantarki na tsohuwar mota.

Duk wanda ya tsaya bakin gadar Wudil ran Juma'a, ranar kasuwa, zai ga motoci iri iri a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Cikinsu har yanzu akan ga tsohuwar Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo, wata mai ɗaukar fasinja, wata kuwa a-kori-kura ce cike da buhuna ko awaki. A Faransa aka fara ƙera wannan mota a 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna, aka yi ta fitar da 504 daga can har wajen 2006. Ashe ke nan ko autar cikinsu ta manyanta, wasu kuwa sun girmi direbobinsu. Gidaje da ikilisiyoyi da dama suna riƙe da irinta, gama tana jure hanyar ƙauye, kayan gyaranta kuma ba su da wuyar samu. Ita ce mai kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, ita ce mai kai zumuntar mata wurin taro.

Mai irin wannan mota yakan kula da inji, da taya, da birki. Wayoyi kuwa sai ran da fitila ta ƙi kamawa. Ran nan ma sai a yanke wurin da ya lalace, a murɗa wata guntuwar waya, a naɗe da baƙin salatif, a ci gaba da tafiya. Shekara da shekaru ana haka, har a wayi gari ƙarƙashin sitiyari ya zama kamar sheƙar tsuntsu. Abin da muke so mu faɗa ke nan: akwai lokacin da faci ya ƙare, sai dai a fitar da dukan damin wayoyin a sa sabo.

Ga dalili. Kowace waya jan ƙarfe ce a ciki, da rigar roba a waje. Zafin inji da zafin bazara, wanda a ƙasar Kano yakan wuce digiri 40, su suke busar da robar har ta yi tauri ta tsattsage. Mai da gishirin batir suna cin ta. Damina tana sa bakunan wayoyi su yi tsatsa. In kuwa ana kwana da motar kusa da rumbu ko buhunan hatsi, ɓeraye su ma suna da nasu rabo. To, jikin motar duka hanyar wuta ne, domin a haɗe yake da ƙafar batir mai alamar ragewa. Da zarar tsirarar waya ta taɓa ƙarfen mota, wuta ta sami gajeriyar hanya. Kada a raina batir don an ce volt 12 ne kawai. Fitilar gaba mai wat 55 ba ta jan abin da ya kai amfiya 5, amma batir yana iya zubo ɗaruruwa a lokaci guda. Cikin ƙiftawar ido waya ta yi ja, roba ta kama, ga kuwa tiyon fetur da kafireta a kusa.

Domin wannan ne aka sa fiyus. Shi ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi musamman don ya narke kafin waya ta ƙone. In ya ƙone, ba laifi ya yi ba, aikinsa ya yi, yana kuma shaida mana akwai ciwo a wani wuri. Wanda ya maye gurbinsa da takardar azurfa ta kwalin taba, ko ƙusa, ko murɗaɗɗiyar waya, ya yi kamar wanda ya kori mai gadi don ihunsa yana hana shi barci.

Yaya za a gane lokaci ya yi? A lanƙwasa waya da yatsa. In robar ta fashe ko ta ɓarɓashe, ta mutu. Sauran alamu su ne warin ƙonewar roba, da fiyus mai yawan ƙonewa, da fitilu masu dushewa in an danna ham, da sigina mai kunna fitilar birki, da batir mai wayewa gari ba wuta ko da yake sabo ne. In biyu ko uku suka taru a mota ɗaya, kada a jira.

Aikin kuwa na mai wayarin ne, ba na kowane bakanike ba, amma ya kamata mai mota ya san abin da zai sa wa ido. Da fari a kwance ƙafar batir mai alamar ragewa, ita ce kuma za a mayar daga ƙarshe. Kada a bari a fizge tsohon dami a yar. A bi shi waya waya, a manna wa kowane baki takarda da sunan inda ya fito, a ɗauki hotonsa da wayar hannu. Wayoyin Peugeot yawanci da lamba ake gane su, ba da launi kaɗai ba, saboda haka a rubuta lambobin tun ba su goge ba. Sa'an nan a shimfiɗa tsohon damin a kan faffaɗan katako, a kafa ƙusoshi inda ya yi rassa, a auna sabo a kansa.

Wajen sayen waya a yi hankali. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya ba ta mota ba ce, girgizar hanya za ta karya ta. Sai mai silili da yawa. Akwai kuma wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. A kankare da wuƙa, in fari ya bayyana a bar ta. Kaurin kowace sabuwar waya kada ya kasa na tsohuwar, musamman ta sitata da ta caji da ta fitilun gaba. Wanda ya je Kofar Ruwa a Kano ya sami dami na hannu, ya tuna shi ma daga tsohuwar mota aka ciro shi; ya gwada robarsa kafin ya biya.

Wajen ɗaurawa, duk inda dami zai ratsa ramin ƙarfe a sa masa zoben roba. A nisanta shi da salansa da fanka. A matse bakuna da kan waya na ƙarfe, ba murɗawa da salatif ba. A kankare tsatsa inda waya take kama jikin mota. In an ƙara rediyo ko fitila, kowanne da nasa fiyus. Kafin a ɗaure batir sosai, a kashe kome, a sa ƙaramin kwan fitila tsakanin ƙafar batir da wayarta. In ya haska da ƙarfi, akwai inda wuta take zurarewa, sai a nemo shi tukuna.

Mun sani wani zai ce kuɗin fa? Gaskiya ne, ga kuɗin makaranta, ga taki. Amma a lissafta batura da aka saya a banza, da kwanakin da motar ta yi a gareji, a kuma tuna mota mai ƙofa huɗu da mutum tara a ciki ba ta saurin fitar da su in hayaƙi ya tashi. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani, don kada wani ya fāɗo alhakin jininsa ya hau gidan. Ba a ce ya jira sai wani ya fāɗi ba. Mai mota ma haka, duk wanda ya shiga motarsa amana ne a hannunsa. Addu'a kafin tafiya abu ne mai kyau ƙwarai, amma ba ta ɗauke mana aikin da Allah ya ba mu hankali da hannu mu yi ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu sana'ar wayarin, aikinku a ɓoye yake, mai mota ba zai tona ya gani ba. Ku yi shi kamar 'ya'yanku ne za su zauna a kujerar baya. Dattawan ikilisiya masu riƙe da motar jama'a, ku sa wannan cikin lissafin bana, tun kafin tafiye-tafiyen Kirsimeti.

Allah ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.