Jarrabawar Lasin Tuƙi: Ilimin Kimiyya Ne, Ba Cika Takarda Ba

Sanin kowa ne cewa yawancin direbobin haya a ƙasar nan a tasha suka koyi sana'arsu. Yaro zai fara da wankin mota da ɗaurin kaya, ya zama yaron mota, ya shekara da shekaru yana kallon hannun maigidansa kafin a ba shi sitiyari. Wannan hanya ta fitar da ƙwararru masu yawa, kuma ba abin rainawa ba ce. Sai dai hannu take koyarwa, ba ta cika bayyana dalili ba. Giɓin da take bari shi ne jarrabawar sanin ƙa'idojin hanya ta zo ta cike, shi ya sa bai kamata mai neman lasin tuƙin motar haya ya ɗauke ta a matsayin cikas ba.

Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, tsarin bayar da lasin ya yi ta canzawa. Bisa ƙa'ida, mai nema zai bi ta makarantar koyon tuƙi wadda hukumar ta amince da ita, jami'an duba motoci su gwada shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Amma har yanzu akwai masu ba ɗan kamasho kuɗi ya kawo musu takarda har gida. Irin wannan mutum ya sayi lasin, bai sayi ilimin da ke bayansa ba, alhali rayukan fasinjoji goma sha takwas na iya rataya a wuyansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Duk wanda ya duba littafin ƙa'idojin hanya da idon basira zai tarar da darasin kimiyyar da ake yi a sakandare. Alal misali, littafin ya ƙayyade wa bas da tasi kilomita 90 a awa a kan tagwayen manyan hanyoyi, tirela da tanka kuwa kilomita 60. Wannan bambanci ba son zuciya ba ne. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya hango saniya a kan titi, ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birki, to ya riga ya shafe mita 25 ba tare da gudun ya ragu ko kaɗan ba. Idan kuwa gyangyaɗi ya sace shi na daƙiƙa uku, motar ta yi mita 75 babu mai tuƙa ta.

Bayan an taka birkin ma akwai wani lissafin. Ƙarfin da ke tattare da abu mai motsi yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa. Wato idan aka ninka gudu sau biyu, daga 40 zuwa 80, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya za ta ninku sau huɗu. Nauyi shi ma yana da nasa rabon: tirela mai tan 40 tana ɗauke da ƙarfin ƙaramar mota mai tan ɗaya har sau arba'in idan gudunsu ɗaya. Wannan ƙarfi ba ya ɓacewa, birki ne ke mayar da shi zafi. Idan zafin ya yi yawa, birkin sai ya daina kamawa yadda ya kamata.

A nan ne ake gane hikimar saukowa gangara da ƙaramar giya. A wuri irin Hawan Kibo da ke Jihar Filato, direban da ya saki motarsa firi don tsimin mai ya ɗora wa birki dukkan aikin da inji ya kamata ya taya shi. Manyan motoci kuma da matsattsiyar iska birkinsu ke aiki, kuma inji ne ke juya na'urar da ke tara iskar. Mai yawan taka birki yana saki, alhali injin na tafiya a hankali, yana iya zubar da iskar fiye da yadda take taruwa. Sai a ce birki ya tsinke, a jingina abin ga ƙaddara, bayan kuwa an bar rigakafin tun daga saman dutsen.

Haka abin yake game da lodi. Kayan da aka jibga a kan rufin mota suna ɗaga cibiyar nauyinta sama, ta yadda kwanar da ta saba sha lafiya za ta iya kifar da ita. Tankar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya wuyar sarrafawa a kwana, domin man da ke ciki yana kwarara gefe guda ya tura ta. Taya kuwa tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta: lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2319 an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019, komai kyan zanenta a ido.

Saboda haka shirin jarrabawar bai kamata ya tsaya ga haddar dare ɗaya ba. Wanda ya fahimci cewa alama mai kusurwa uku gargaɗi ce, mai da'ira umarni ko hani, mai kusurwa huɗu kuma bayani, ya rage wa kansa rabin haddar. Ya dace ya riƙa karanta babi ɗaya, sannan ya je ya duba abin a jikin mota tare da maigidansa: ma'aunin iska, madubi, da wuraren da direban tirela ba ya iya hangowa daga mazauninsa.

Wasu za su ce direbobi da dama ba su yi boko ba, don haka jarrabawa zalunci ce a gare su. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma maganinta ba sassauta jarrabawar ba ne. Abin da ya wajaba shi ne a yawaita littafin da Hausa, a ba da damar amsa tambayoyi da baki, ƙungiyoyin direbobi kuma su buɗe azuzuwa a tashoshinsu.

Malaman kimiyya su ma suna da rawar takawa. Darasin motsi da gogayya zai fi zama a zuciyar ɗalibi idan aka lissafa shi da bas ɗin da ke kai shi makaranta. Cikin ɗaliban yau akwai direbobin gobe, kuma dukkansu fasinjoji ne. Ɗalibin da ya iya lissafa mita 25 ɗin nan yana da hujjar da zai ce wa direba, cikin ladabi, ya sassauta gudu.