Wasiƙa zuwa ga masu haƙar duwatsu masu daraja da dillalansu

'Yan'uwana na ramukan Nasarawa Eggon da Gwantu da tsaunin Mambila, da ku dillalan Jos.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne yadda launi ke yaudarar yawancinmu. Mutum ya yi wata guda a rami, ya fito da shuɗin dutse, mai saye ya laƙaba masa sunan da ya ga dama, ya yanke kuɗi, shi kenan. Alhali darajar dutse tana farawa ne daga ma'adinin da ya haife shi.

Ku dubi zumurrudu da akwamarin. Uwarsu ɗaya, ma'adinin da masana ke kira beril. Ɗan sinadarin kuromiyam ko banadiyam ne ke mai da shi kore, ƙarfe kuma ke mai da shi shuɗi. Haka jan yaƙutu da safaya, duka korandam ne. Amatis mai launin shunayya kuwa dangin farar ƙanƙarar nan ce da muke takawa a bakin rami, kuma idan aka gasa shi yakan koma rawaya. Wanda ya san wannan ba za a sayar masa da gasasshen amatis da sunan wani dutse mai tsada ba.

Inda aka fi cutar ku shi ne tsakanin akwamarin da tofaz, don a ido kusan ɗaya suke. Hannu ne ke raba su. Tofaz ya ninka ruwa nauyi kusan sau 3.5, beril kuwa kusan 2.7, safaya 4. Ku ɗauki biyu masu girma ɗaya, za ku ji bambancin. Ga kuma ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812: ƙanƙara 7, tofaz 8, korandam 9, daimon 10. Gilashi kusan 5.5 ne, shi ya sa ƙanƙara ke karce fasasshiyar kwalbar da wasu marasa tsoron Allah ke cusawa cikin kaya. Amma don Allah kada ku yi gwajin karce a fuskar dutse mai kyau. Ku haska shi da tocila tukuna. Kumfar iska zagayayya a ciki alamar gilashi ce.

Nakiya kuma ita ce babbar asararku. Na san rami na da wuya, kuma ciki ba ya jira. Sai dai da zarar kun iso jijiyar da duwatsun ke kwance, ku ajiye nakiyar, ku ajiye babbar guduma, ku koma aikin hannu a hankali. Tofaz yana tsagewa shar ta gefe ɗaya da bugu kaɗan, zumurrudu kuma dama da tsaga yake fitowa. Dutse ɗaya cikakke mai tsabta ya fi gutsattsarinsa goma kuɗi nesa ba kusa ba. Kowanne ku naɗe shi daban, kada safaya ta goge akwamarin a aljihu.

Sai maganar awo. Ku kuna sayarwa da giram, amma a Bankok da Jaifur, inda ake yanka yawancin irin waɗannan duwatsu, da karat ake ciniki, kuma giram ɗaya karat 5 ne. Gaskiya yankan yana cinye fiye da rabin nauyin dutse, don haka mai saye yana da uzurinsa. Duk da haka ku haɗa kuɗi a kowane sansani ku sayi ƙaramin sikeli da gilashin dubawa mai ninka girma sau 10, ku koya wa yaranku na rami amfani da su kafin mai saye ya iso.

Allah Ya tsare ku daga ruftawar rami, Ya sa albarka a nema.

Wassalam.