Kaki Ba Mafakar Wanda Ya Kasa Karatu Ba Ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidaje, har da gidajen masu bi. Idan yaro ya kāsa a makaranta, sai manya su ce, “A kai shi aikin ɗan sanda.” Idan kuwa mai ƙoƙari ne ya ce zai karanta shari'a da ilimin binciken laifi a jami'a kafin ya sa kaki, sai a yi masa dariya, a ce ɓata kuɗi ne, kulki ba ya bukatar digiri. Wannan magana kuskure ce, talaka ne kuma yake biyan kuɗinta da jikinsa.

A duba abin da ake damƙa wa ɗan sanda. Shi ne yake kama mutum. Shi ne yake rubuta bayanin farko da alƙali zai karanta. A Nijar doka ta ba shi ikon tsare wanda ake tuhuma da laifi na yau da kullum har awa 48, ƙari kuwa sai da iznin mai shigar da ƙara. A 1998 ƙasar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 wadda ta hana azabtarwa. Wanda bai san waɗannan iyakoki ba, da me zai tsai da hannunsa? Wanda ba a koya masa neman shaida ba, hanya ɗaya ta rage masa, wato duka har sai an amsa laifi. Mai jin zafin bulala kuwa yakan amsa ko abin da bai yi ba, ɓarawon gaske yana can yana barci a gida.

Amurka ta sha wannan gardama tun da daɗewa. August Vollmer, shugaban ƴan sandan birnin Berkeley, ya ga ƙarfin damtse bai isa ba. A 1916 ya fara koyar da darussan aikin ɗan sanda a Jami'ar Kalifoniya, ya kuma riƙa ɗaukar ɗaliban jami'a aiki. A 1967 kwamitin da Shugaba Johnson ya kafa a kan laifuffuka ya ba da shawara cewa burin ƙarshe shi ne kowane ɗan sanda mai ikon kama mutane ya zama yana da digiri.

Shari'ar Ernesto Miranda ta nuna dalili. An kama shi a Phoenix a 1963, ya amsa laifi a hannun ƴan sanda. A 1966 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, gama ba a gaya masa yana da ikon yin shiru da ikon samun lauya ba. Da aka sake shari'a a 1967 ba tare da wannan amsa ba, shaidar mutane ce ta sa aka same shi da laifi. Ashe shaidar da aka tattara bisa doka ita ce take tsayawa a gaban alƙali.

Masu musu za su ce takarda ba ta gyara zuciya. Gaskiyarsu. Derek Chauvin, wanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis ran 25 ga Mayu 2020 har ya mutu, yana da digiri a wannan fanni. Kotu ta same shi da laifin kisa a 2021. Amma wannan bai wanke jahilci ba. Akwai likita mugu, duk da haka ba wanda zai miƙa cikinsa ga wanda bai karanta aikin fiɗa ba. Abin da labarin Chauvin ya koyar shi ne ilimi da hali tare suke tafiya. Hali kuwa a gida ake dasa shi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayen da suke ajiye natsattsen ɗa don wani aiki, suna tura wanda ya gagare su zuwa kaki, su ne na farko da za su yi kuka ranar da aka tsare su a hanya ana neman na goro.

Wasu kuma za su ce jami'a da tsada. Haka ne, amma ƙofa ba ɗaya ba ce. Ana koyar da shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. A Wudil ta jihar Kano makarantar hafsoshin ƴan sanda tana ba da digiri. Dangin da suke iya haɗa kuɗin biki za su iya haɗa kuɗin littattafai.

Saboda haka, yaron da ya ce zai karanta doka kafin ya riƙe kulki, kada a kashe masa gwiwa. A tambaye shi ko zai iya ƙin cin hanci, a kuma taimake shi da kuɗin rajista. Wata rana ɗan maƙwabci zai kwana a ofishinsa bisa ƙarya, a ranar kuwa abin da ya karanta ne zai sa ya buɗe ƙofa kafin awa 48 ta cika.