DODON DA KE CIKIN KUJERA

Ya kai mai karatu, rannan na shiga motar Kurfi daga Dutsin-Ma da wani ɗan littafi a hannuna. Dattijon da ke kusa da ni ya leƙo ya ce, "Ɗana, mi kake karantawa haka har ka ɓata fuska?"

Na ce, "Baba, gajerun labaran wani mutumin Jafan ne, Edogawa Rampo, wanda ya rasu a 1965. Fassarar Turanci ce."

Sai na ba shi labari ɗaya na 1925. Wani kafinta ne mummuna, ba mai kula shi. Ya ƙera ƙatuwar kujera, ya bar rami a cikinta ya shige ya ɓuya. Aka kai kujerar otal, daga baya wani babban ma'aikaci ya saye ta ya kai gida. Kullum matarsa, marubuciya, a kanta take zama, ba ta san a cinyar ƙato take ba, sai ran da wasiƙarsa ta iso hannunta.

Baba ya yi salati ya ce, "Wannan ai koya wa yara mugunta ne. A ƙona shi!"

Ban yi musu da shi ba, don ya haife ni. Amma a nan zan faɗi abin da na haɗiye.

Jama'a, labarin nan fa ba aljani, ba maye, ba Dodo. Mutum ne zalla, shi ya sa yake hana barci. Mu kuwa da yawa daga marubutanmu, in za su ba da tsoro sai su jawo aljani daga kan tsamiya su ɗora masa laifi, ɗan Adam ya fita fes. Haka muke yi ko a gida. Yaro ya rame a ce tsohuwar maƙwabta ce ta kama kurwarsa, ba mai tambayar wa ke hana shi tuwo.

To, ku gaya mini, waɗanda suka hana mutanen ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma barci a 'yan shekarun nan, kofato gare su? Wanda ke tsegunta wa 'yan bindiga cewa wane ya sayar da sa, ba tare muke cin tuwo da shi ba? Da ɗan gari kan ci gari. Shi ne mutumin cikin kujera, mun jingina da shi muna hira.

Na yarda, ba kowane labarin Rampo zan miƙa wa yaro ba, akwai masu tayar da zuciya. Amma wuta ba magani ba ce. A 1939 hukumar Jafan ta haramta labarinsa na sojan da ya dawo daga yaƙi ba hannu ba ƙafa, ga shi har yau ana karanta shi. A Kano ma an ƙona littattafan Hausa a 2007, mugunta ba ta ƙone tare da su ba.

Marubutanmu, don Allah ku bar aljanu su huta. Ku rubuta mana hassada da kwaɗayi da ƙulli a ciki, yadda suke girma a zuciyar mai yawan gaisuwa.

Shi dai Baba da muka iso Kurfi, sai da ya waiga ya dubi kujerar da ya tashi a kai.